Daren da Injin Ƙwai Ya Sandare

Kawuna yana kiwon kaji a bayan gidansa a Zariya, shi ya sa ni mayar masa da wani tsohon firji injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza kwana 21 yake buƙata, cikin ɗumi wajen digiri 37.5, ana juya shi a kai a kai. Mai kula da wannan duka ɗan guntun ATmega328P ne, irin na cikin Arduino Uno. Damuwarmu wuta ce: da zarar an ɗauke, guntun ya mance kwana nawa ƙwan ya yi.

Sai na koma ga ma'aunin kwatance da ke cikin guntun. Aikinsa guda ne, ya dubi ƙarfin wuta biyu ya faɗi wanda ya fi. Gefe ɗaya na ba shi bolt 1.1 na cikin gida ta hanyar kunna ACBG a rajistar ACSR. Ɗaya gefen, ƙafar AIN1, na jawo masa wutar da ke shigowa bayan na rage ta da resista biyu. In wuta ta faɗi, ya katse duk abin da ake yi, a ruga ga umarnin katsewa, a adana lissafin kwana cikin EEPROM, ma'adanar da ba ta mancewa ko an ɗauke wuta, kafin 'yar wutar da kondensa ta riƙe ta ƙare. A teburina, in na zare waya, komai tsaf.

Cikin hunturu ne, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta an tayar da ƙaramin janareta. Can tsakar dare Kawu ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Taso, ɗana. Injin ya yi shiru, amma cikinsa zafi."

Ko takalmi ban saka ba. Fitilar ɗakin tana haske tana dushewa, warin fetur ya gauraye da na dusa. Lambobin allo sun tsaya cak, abin ɗumama kuwa yana kunne. Ma'aunin gilashi da Kawu ya rataye ciki ya haura 40. Na fizge soket, na buɗe ƙofar firjin, iska mai zafi ta bugi fuskata. Na ɗora ƙwai ɗaya a kumatuna, gabana yana faɗuwa, domin kuɗin ƙwan nan bashi ne.

"Za su rayu?"

"Da yardar Allah, Kawu."

A lokacin ina ɗaukan faɗuwar wuta abu ne mai aukuwa sau ɗaya, kamar rufe ƙofa. Ashe wutar janareta mai nauyi a kansa lilo take yi a daidai bakin iyakar, kuma ma'aunin wannan guntu ba shi da wata tazara tsakanin hawa da sauka. Kowace tsallakawa katsewa ce. Rubuta baiti ɗaya a EEPROM yana cin wajen milisakan 3.3, kuma muddin ana cikin umarnin katsewa sauran katsewa a kulle suke, har da mai ƙirga lokaci. Kafin a gama, tutar ACI mai nuna katsewar ma'aunin ta sake tashi. Guntun AVR irin wannan kan fito ya aiwatar da umarni ɗaya tak na babban shiri, sai ya sake komawa. Sashen da zai duba zafi ya kashe abin ɗumama yana nan, amma rarrafe yake, bai isa wurin ba.

A daren na sake rubutun, Kawu yana riƙe mini da tocila. Umarnin katsewa ya koma layi biyu: ya kashe ACIE don kada a sake kiransa, ya ɗaga wata alama da na ayyana volatile. Babban shiri ne ke ganin alamar, ya fara kashe abin ɗumama, sannan ya yi ajiya. Ba a sake buɗe katsewar sai wuta ta daidaita na 'yan daƙiƙu, an kuma share ACI ta hanyar rubuta mata 1.

Yawancin ƙwan sun ƙyanƙyashe. Na jerin sama, kusa da abin ɗumama, ba su fasa ba, ni da Kawu muka kwashe su. Ya ce in sa masa ƙararrawa mai batirinta daban, wadda ba ruwanta da guntun, na kuwa haɗa masa ita kafin ya zuba sabon ƙwai.