Sawun Giwa a Yankari

Yau labarin wata tafiya na zo mana da shi, tafiyar da na ɓata da hannuna, na shekara 2 ina jin nauyinta a ƙirji kafin Allah Ya ba ni ikon gyarawa.

Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Hajiya, ba mace ce mai roƙo ba. Tun da na auri ɗanta ban taɓa jin ta ce a sayo mata ko da goron naira 10 ba. Abu ɗaya ne ba ya barin bakinta, shi ma sai sanyi ya shigo, gwiwoyinta sun motsa. Tana zaune gaban kaskon wuta sai ka ji ta ce, “Allah Ya jiƙan Malam. Ya ce akwai wani ruwa a dajin Bauchi, daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ko da tsakar hunturu da ɗuminsa. Ya ce har giwa ya gani da idonsa.” Marigayi surukina direban babbar mota ne, ya daɗe yana bin hanyar Bauchi zuwa Gombe. Ya yi mata alkawarin zai kai ta, rai ya yi halinsa.

Wurin da take nufi Yankari ne, ruwan kuwa shi ne Wikki. Daji ne da aka keɓe wa namun dawa tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta riƙe shi daga 1991, a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Ruwan nan dare da rana, rani da damina, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Ni ce na tayar da maganar a 2021. Na ce wa maigidan, “Malam, me zai hana mu kai Hajiya ta ga wurin nan? Juma'a mu tafi, Lahadi mu dawo.” Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce Allah Ya yi mini albarka. Kin san mu mata, daga wannan rana sai kai ya kumbura. Muka tsayar da Juma'a 24 ga Disamba, tunda yara suna hutu, a kan da an sauko daga masallaci za mu kama hanya, ƙarfe 2 muna mota.

To, 'yar uwa, ranar da za a tafi ita ce ranar da na tuna kaina yana buƙatar kitso. Na ce ai ba zan je garin mutane da kai a tsefe ba, kamar giwayen za su ɗaga mini ɗankwali su duba. Daga gidan kitso na biya wurin tela. Na dawo na ɗora suyar kaji, ga cincin ban yanka ba, ga kayan sanyin yara ban haɗa ba. Hajiya kuwa tun hantsi ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfarta, ta zauna a tabarma da ƙullin kayanta a gefe, tana jan carbi. Maigidan ya dawo daga masallaci ya tarar da ni gaban murhu. Bai ce komai ba, ya fita ya zauna a mota. Ba mu bar ƙofar gida ba sai ƙarfe 5 saura.

Abin da ban lissafa ba, ranar hunturu gajeriya ce. A Disamba ƙarfe 6 da 'yan mintoci an kira magariba a Kano. Sannan Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, ga motocin shanu sun cika hanya, ga masu tafiya gida hutun Kirsimeti. Kafin mu haye gadar Wudil rana ta yi ja, ta nutse cikin ƙura. Ba mu kai Birnin Kudu ba duhu ya rufe.

Wadda ba ta taɓa tafiyar dare cikin hazo ba, ba za ta gane ba. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da rana ma hana ganin nesa take yi, har jirgin sama takan hana sauka. Da dare kuwa in direba ya kunna babbar fitila sai hasken ya daki ƙurar ya dawo masa ido, kamar an shanya farin ƙyalle a gaban gilashi. A tsakanin Birnin Kudu da Ningi wata babbar mota ta lalace a kan kwalta, ba fitila ba komai, sai ganye da aka jera a bayanta. Wallahi sai da muka zo gab da ita maigidan ya gani. Ya taka birki, motar ta yi ƙara, filas ɗin shayi ya kife a ƙafata, autana ya fasa kuka. Hajiya salati kawai ta yi, ta rungume yaran. Har muka shiga Bauchi bayan ƙarfe 11 ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Gidan wani abokinsa muka kwana, muka tashi mutane daga barci. Da safe yara 2 suka tashi da mura. Sai a lokacin muka buga waya neman ɗaki a Wikki, aka ce ai duk an kama tun tuni, wa zai zo ranar Kirsimeti bai kama ɗaki ba? Gaskiyarsu. Muka ce to mu je mu wuni. Daga Bauchi zuwa sansanin ya haura kilomita 100, kuma daga ƙofar dajin zuwa ciki kaɗai wajen kilomita 40 ne, ba a gudu saboda dabbobi. Bayan azahar muka isa. Motocin zagayen daji sun cika da waɗanda suka riga mu. Bakin ruwa kuwa ba masaka tsinke, samari da 'yan mata ana ta wanka da kiɗa. Hajiya ta leƙa daga sama, ta ja mayafinta, ta koma gindin bishiya ta zauna.

Kajin nan da na ɓata wuni guda ina soyawa, ko kin san wa ya ci? Gwaggon biri. Na ajiye ledar a bayan mota na juya in ɗauko ruwa, sai gani na yi wani ƙato ya sure ta ya haye rufin ɗaki, yana ci yana kallona. Yara suka yi ta dariya. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido.

A hanyar dawowa Hajiya ta ce, “Allah Ya yi muku albarka, ai na ga dajin.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Maigidan ya yi kwana 3 daga “sannu” sai “na tafi”. Shi ma da nasa laifin, don bai nemi ɗaki ba, amma ni na san wadda ta cinye hasken ranar nan a gidan kitso.

Daga nan Hajiya ba ta ƙara ambaton ruwan Malam ba. Sanyin 2022 ya zo ya wuce, tana gaban kaskonta, shiru. A 2023 yana ta fara rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma dishi-dishi. Wata rana na ga tana laluben zaren carbinta a kan tabarma alhali yana gabanta, sai gabana ya faɗi. Na ce in ban tashi tsaye ba, ko an kai ta gaban giwa ba za ta bambance ta da suri ba. Ga shi a watan Mayun shekarar an cire tallafin mai, litar da muka saya ƙasa da naira 200 a tafiyar farko ta haura 600. Ban yi wa kowa magana ba, na shiga adashe, na roƙi uwar adashe ta ba ni kwasar Janairu.

Wannan karon da takarda da biro na zauna, kamar mai shirin jarrabawa. Na fara da zaɓen mako. Ba Kirsimeti, ba sabuwar shekara, sai an koma makaranta da aiki, wuri ya yi sarari. Ga shi sai rani ya yi nisa ciyawa ke bushewa, tafkuna su ƙafe, dabbobi su riƙa gangarowa kogin Gaji shan ruwa, a nan ake ganinsu. In an bari har Maris kuma zafi ya sauko, ga azumin shekarar a cikin Maris zai kama. Sai na tsayar da Juma'a 2 ga Fabrairun 2024, albashi ya shigo, sanyi bai gama tafiya ba.

Sai maganar sa'a, wadda ita ce ta kayar da ni a baya. Na lissafa daga ƙarshe zuwa farko. Ina son magariba ta same mu cikin ɗaki, ke nan la'asar ta yi mana a ƙofar daji, ke nan Juma'a a Bauchi za a yi ta. Kano zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne, da tsohuwa da yara da tsaye-tsayen fitsari a ba shi awa 5. Ashe ƙarfe 7 na safe ya kamata mu tashi. Ban ce a fita da asuba ba, domin sammakon hunturu ma yana da ƙa'ida, in ka fita gari bai waye ba hazon da ka guda da dare shi za ka tarar, ga sanyi mai sa direba gyangyaɗi. A bari rana ta ɗan leƙo tukuna. Da na kai wa maigidan takardar da kuɗin adashe a ƙulle, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Ke kuwa yaushe kika zama ɗan kamasho?” Washegari ya nemi hutun wuni ɗaya a wurin aiki, ya buga waya ya kama ɗakuna 2, saura mako 3 a tafi.

Kitso ranar Talata na yi shi. Laraba na yi dambun nama da cincin, abin da ba ya lalacewa, na zuba a robobi masu murfi saboda mutumina na kan rufi. Alhamis da daddare komai na cikin but: barguna, rigunan sanyi, huluna da safar yara, man kaɗanya saboda faso, maganin Hajiya, buta da darduma. Mota ta sha mai tun yamma, an duba taya da fitila. Yara suka rasa karatun rabin wunin Juma'a, na je da kaina na faɗa wa malamarsu gaskiya. Hajiya sai daren na gaya mata. Ta yi shiru, can ta ce, “'Yar nan, kada ku wahalar da kanku a kaina.” Amma da na fito alwalar asuba na tarar har ta ɗaure ƙullinta.

Ƙarfe 7 saura muka tashi. Muka wuce Wudil kasuwa ba ta gama cika ba. A Ningi muka tsaya muka karya. Maigidan ya samu Juma'a a Bauchi a natse, mu kuma muka yi sallarmu a gidan abokin nan nasa, na kai wa matarsa turaren wuta na wanke kunyar wancan dare. Rana na shirin faɗuwa muna shimfiɗa barguna a Wikki, ga gadu da 'ya'yansa suna kiwo a bakin ƙofa kamar awakin gida.

Asabar da sassafe muka hau motar zagaye, Hajiya cikin bargo sai ido. Mun ga gwanki, mun ga gwambaza, mun hango garken ɓauna, duk babbar 'yata ce ke nuna mata da hannu tana kwatanta mata. Giwa dai ba mu gan ta ba. Mai rakiya ya ce dajin ya fi murabba'in kilomita 2,000, su kuma ba ɗaure suke ba, wani ya kwana 3 bai dace ba. Jikina ya yi sanyi. Amma a kusa da kogi ya sa direba ya tsaya, ya nuna mana rassan da aka kakkarya, da kashi tuli-tuli, da sawu a cikin laka, ya ce daren jiya suka bi ta nan. Hajiya ta ce a taimaka mata ta sauka. Ya duba hagu da dama, ya yarda. Ta cire takalmi, ta dafa kafaɗar ɗanta, ta sa ƙafa ɗaya a cikin sawun, ta ƙara ta biyu, duk suka shige da sauran wuri. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, “Ashe Malam bai ƙara gishiri ba.”

Ruwan kuwa Lahadi muka je masa, gari na wayewa, kafin kowa ya fito. Matakalar gangarawa ta ba ta wuya, ni da jikarta muka riƙe ta mataki-mataki. Ruwa garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa, tururi na tashi a kansa saboda sanyin safiya. Maigidan ya koma sama da yara maza ya ba mu wuri. Ta zauna a baki, ta naɗe zane zuwa gwiwa, ta zura ƙafafu. Ni na durƙusa ina zuba mata ruwan a gwiwoyi da tafin hannu. Ba ta taɓa barin na taɓa mata ƙafa ba sai ranar. Ta yi wa marigayi addu'a, ta yi wa ɗanta, sannan ta dafa kaina ta yi mini tawa, har da iyayena.

Ƙarfe 10 muka kamo hanya don magariba ta same mu a gida, gobe Litinin akwai makaranta. Hajiya ta sa an cika mata galan da ruwan Wikki, wai za ta kai wa maƙwabciyarta mai ciwon ƙafa ta ji ɗumin da kanta. Ta rungume shi a cinya cikin bargo. Da muka tsaya a Ningi ta buɗe ta tsoma yatsa, ta ji ya yi sanyi ƙarara kamar na randa. Ta yi dariya har da tari, ta ce wa ɗanta, “To, sai dai ka kawo ta ita ma baɗi.” Ya waiwayo ya dube ni, ya ce a tambayi mai takarda da biro.