Kwamfutar aro daga Rijiyar Zaki

A Rijiyar Zaki, kan titin Gwarzo hanyar sabuwar Jami'ar Bayero, matashin da ya fara koyon rubuta manhaja yakan fara ne da tsohuwar laftof ta hannu. Da ya girka VirtualBox ya tayar da Ubuntu a cikinta, wato kwamfuta cikin kwamfuta, sai fanka ta hau kuka, komai ya daskare. Ana cikin haka a ɗauke wuta.

Mafita ita ce aro. Tun 2006 Amazon ke ba da hayar irin waɗannan injuna ta intanet, abin da ake kira girgije. Injin na can wata ma'ajiya a Amurka ko Cape Town, shi kuwa yaro yana zaune kan tabarma, ya rubuta ssh a baƙin allo, ya shige ciki. Ko batirinsa ya mutu, injin bai san an yi ba.

Kamfanonin girgije suna ba da ɗanɗano. Google na ba sabon shiga dala 300 na kwana 90. Microsoft na ba ɗalibai dala 100 ba tare da katin banki ba, muddin suna da imel ɗin makaranta. Rashin buƙatar kati ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin a 2022 bankuna da dama sun hana katin naira biya a waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Wanda ba shi da kati yakan laɓe a Cloud Shell na Google, da ke buɗewa ko a waya.

Tarkon yana wajen lissafi. Shekara da shekaru, har zuwa 2025, kamfanin Amazon ya riƙa ba da awa 750 kyauta a wata, alhali wata mai kwana 31 awa 744 ne. Inji ɗaya ya tsira ke nan. Amma wanda ya kunna biyu ya manta, kafin wata ya ƙare an fara rubuta masa bashi, da dala kuma.

Shi ya sa waɗanda suka ga jiya suke fara nuna wa ƙannensu inda ake saita gargaɗin kashe kuɗi, tun kafin darasin farko. Bayan sallar isha'i kuma a leƙa shafin, a kashe injin, a goge faifan da ya rage, sannan a rufe data.