Kada ka jingine sungumi

Ɗan'uwa manomin Damargu, ka san binne: ka zuba hatsi cikin busasshiyar ƙasa, ba ka san ranar saukar ruwa ba.

Mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya suna da tsohon littafi, Bagabad Gita, mai baiti 700. A ciki, jarumi Arjuna ya karaya, ya yar da bakansa. Kirishna ya gargaɗe shi ya sauke nauyin da ke kansa, ya bar zullumin sakamako.

Ni dai, maganar nan tana tuna mini da tawakkali. Bayan farin 1984, manoman Tanut da Belbeji sun koma gona. Kai ma, in shukar fari ta ƙone, ɗauki sungumi ka sake. Aiki naka ne, cikar rumbu kuwa sai Allah.