"Albarka!" In Ji Zakaran Dambe

Wannan magana ta tsaya tsakaninmu, don Allah kada ta kai kunnen uwargida, domin har yau tana zaton taron unguwa ne ya riƙe ni har ƙarfe ɗayan dare ranar Asabar. Alhali muna teburin mai shayi, mu biyar, muna ta da jijiyar wuya a kan waɗansu ƙarti da ba su ma san da zamanmu a duniya ba.

Tela ne ya tono zancen. Yana juya shayinsa ya ce, "Ni fa na daina hana idona barci saboda 'yan boksin ɗin nan masu nauyi. Matsorata ne. Kowa ya hau intanet yana cika baki zai kashe wane, da an ce a fito fili sai ka ji tsit."

"Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa," in ji mai shayi, yana fifita wuta.

Baba, tsohon mahauci da ya ɗaura zare a hannu zamanin ƙuruciyarsa, ya ɗago kai ya dubi Tela. "Ɗana, mutumin da ya yarda ƙato mai nauyin buhun masara ya riƙa auna masa naushi a haɓa har turmi goma sha biyu, ka nemo masa wani suna, amma ban da matsoraci."

Tela bai saduda ba. "To Baba, wanda ya jefa kambunsa a kwandon shara fa?"

Malam, wanda ke koyarwa a sakandare kuma shi ne kundinmu a wannan harka, ya gyara zama ya ba mu labarin. A Nuwamban 1992 Riddick Bowe ya doke Evander Holyfield ya kwashe kambu uku. Hukumar WBC ta ce lallai ya kara da Lennox Lewis, wanda ya taɓa lallasa shi a wasan ƙarshe na Olamfik a Koriya ta Kudu a 1988. Wata guda bayan nan Bowe ya tara 'yan jarida a Landan, ya ɗauki koren kambun nan ya wurga shi a kwandon shara a gaban kyamara. Har suka ajiye safar hannu ba su sake haɗuwa ba.

"Kun ji ko!" in ji Tela.

"Dakata tukuna," in ji Alhaji, dillalin shanu, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba. "Malam, kafin ya jefar, nawa suka taya wa Lewis?"

"Kashi 10 cikin ɗari, su su ɗauki 90."

Alhaji ya jawo biredin da ke gabansa, ya gutsuro ɗan kunnensa ya ajiye wa Tela, ya rungume sauran a ƙirji. "Ga rabonka, tashi mu je mu daku. Ka yarda?" Muka fashe da dariya. Ya ce, "Shekarata talatin a kara. Wanda ba ya son rabuwa da bajiminsa ba ya cewa ba na sayarwa ba ne, sai ya sa masa kuɗin raƙumi biyu. Wanda ba ya son saye kuwa sai ya yi tayin wulaƙanci don a ce masa albarka. Gobe kowa ya shiga gari yana cewa ni na so ciniki, wancan ne ya tsere. To haka nasu yake. Ba za ka taɓa jin zakara ya ce ina tsoro ba, lissafi yake turawa ya gudu a madadinsa."

Malam ya jera kofuna huɗu a kan tebur: WBA, WBC, IBF, WBO. Ya ce kowace hukuma da kambunta, da jerin gwanayenta, da mutumin da take cewa dole zakara ya kara da shi, kuma kowace tana yankar la'adarta daga kuɗin dambe, yawanci kashi 3 cikin ɗari. A ƙwallo jadawali ne ke cewa Kano Pillars za ta je Aba, ko tana so ko ba ta so. A boksin babu mai wannan iko. Kowane dambe ciniki ne da ake ƙullawa daga tushe saboda dare ɗaya: kason kowa, garin da za a yi, gidan talabijin da zai nuna, gwajin ƙwayoyi, irin safar da za a sa, sunan wa zai zo farko a fosta, wa zai shigo fili daga baya, sannan in zakara ya faɗi, za a ba shi ramuwa ko kuwa. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya wargaza taron.

"In sun kasa shiryawa fa?" in ji mai shayi.

"In dambe ne na dole, sai a yi gwanjo," in ji Malam. Masu shirya dambe kowa ya rubuta tayinsa ya rufe, wanda ya fi tsoka shi ke ɗaukar wasan. A Janairun 2022 Frank Warren ya taya damben Tyson Fury da Dillian Whyte dala miliyan 41, aka raba kashi 80 da 20. Whyte ɗin nan ya shafe kwana sama da dubu yana na ɗaya a jerin WBC kafin layi ya zo kansa, da ya zo kuma Fury ya kwantar da shi a turmi na shida a Wembley.

Akwai kuma kuɗin kauce-mini. A 1996 ɓangaren Mike Tyson ya ba Lewis dala miliyan 4 don ya ja gefe Tyson ya kara da Bruce Seldon. Ba su haɗu ba sai a Yunin 2002 a Memphis, lokacin ƙarfin Tyson ya riga ya zube, Lewis ya gama da shi a turmi na takwas.

Alhaji ya girgiza kai. "A biya ni miliyan huɗu don kada a nushe ni? Wallahi da na san da wannan sana'a da ban shiga kara ba."

Baba ya ce shi a ganinsa sau da yawa laifin ba na mai hannu ba ne, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardi ba ya son abin da zai kashe masa kura. Malam ya ce haka aka yi da Floyd Patterson. Ubangidansa Cus D'Amato ya daɗe yana kare shi daga Sonny Liston, Patterson da kansa ya nace sai an yi. Aka yi a 1962, minti biyu da daƙiƙa shida ya yi a tsaye. Aka sake a 1963, nan ma bai ga ƙarshen turmin farko ba. Tela ya yi shiru, domin a nan wanda ya ƙi gudu shi ne ya rasa kambu.

To a nan ne aka zo kaina, kuma abin da na faɗa musu shi zan faɗa muku, tunda mu ya mu ne. Ni mutumin Anthony Joshua ne, tun da na ji asalin gidansu Shagamu ne na riƙe shi kamar ɗan ɗakinmu. A 2018 yana da kambu uku, Deontay Wilder na Amurka yana da na huɗun, kuma ba wanda ya taɓa kayar da ɗayansu. Ɓangaren Joshua suka yi wa Wilder tayin dunƙule, dala miliyan 15, ba kaso. Ɓangaren Wilder suka ce su za su ba Joshua miliyan 50 ya zo Amurka. Kowa da dillalinsa, kowa da gidan talabijin ɗinsa, kowa yana ganin in an ƙara jan rai kuɗin zai ƙaru. Ni kuwa na yi ta faɗa da mutane cewa Wilder ne ke gudu, har muka yi wata biyu ba ma gaisawa da wani abokina. Yau in na tuna kunya nake ji, domin duka biyun sun ja ciniki har kasuwa ta watse. A ranar 1 ga Yunin 2019 Andy Ruiz ya tumurmushe Joshua a New York, a Fabrairun 2020 Fury ya yi wa Wilder jina-jina. A Disamban 2023 aka sa su a dare ɗaya a Riyad don share fagen haɗuwarsu, Joshua ya ci nasa, Wilder ya faɗi a hannun Joseph Parker. Damben nan na mutum biyu da ba a taɓa kayarwa ba ya tafi ke nan, ko da kuɗin duniya ba ya dawowa.

Wani lokaci ma kowa ya yarda, takarda ce ke hanawa. A 2021 Fury ya sanar da cewa zai kara da Joshua ranar 14 ga Agusta a Saudiyya. Kwatsam mai sasanci a Amurka ya yanke cewa akwai alkawarin karo na uku da Wilder a wuyan Fury. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin a gama askin, Oleksandr Usyk na Yukren ya kwashe kambun Joshua a Satumba.

"Shi Usyk ɗin fa?" in ji Alhaji. "Na ji an ce shi ba ya cewa albarka."

Malam ya ce ai nan ne abin dariyar. A Maris ɗin 2023 Fury ya ce shi 70, Usyk 30. Usyk ya ce ya sallama. Sai cinikin ya je ya mutu a kan yadda za a raba kuɗin ramuwa. Ba a yi ba sai da Saudiyya ta buɗe jaka ta hannun Turki Alalshikh, kuɗin ya kai inda ba mai iya kauda kai. Ranar 18 ga Mayun 2024 suka daku a Riyad, Usyk ya ci, ya zama na farko da ya haɗa dukan kambun masu nauyi tun bayan Lewis a 1999. Shekara ashirin da biyar duniya na jira. Bai fi 'yan makonni ba kuma ya saki na IBF, saboda alkawarin ramuwa da Fury ya hana shi fuskantar mutumin da hukumar ta tsayar.

Mai shayi ya fara kife kofuna. Malam ya ce a iya saninsa gida ɗaya ne aka ƙi dambe aka kuma faɗi dalili ƙarara: Vitali da Wladimir Klitschko, wa da ƙane, sun riƙe kambun duniya a lokaci guda, amma sun yi wa mahaifiyarsu alkawarin ba za su taɓa dukan juna ba. Baba ya ce, "Waɗannan 'ya'yan albarka ne."

Tela ya ce, "To Baba, yanke mana. Suna gudu ko ba sa gudu?"

Baba ya miƙe yana karkaɗe riga. "Suna gudu mana, ɗana. Mu ma a fage an sha miƙo wa mutum hannu ya kau da kai, don ya san yau ba ranarsa ba ce. Su nasu gudun na faɗuwa da araha ne. In kuɗi ya kai, za ka ga ƙafar da ke ciwo ta warke."

Ni aka bar wa biyan kuɗin shayi, wai tarar shekarun da na yi ina kare Joshua. Na biya ban yi musu ba. Ku kuma, duk ranar da kuka ji zakara yana rantsuwa cewa wane ya guje shi, kada ku ɓata da abokanku a kai yadda na yi. Ku yi tambayar Alhaji kawai: nawa ya taya?