Mararrabar Hanya Uku

Yawancin waɗanda za su karanta wannan littafi manya ne, waɗanda suka koyi karatun boko bayan sun yi iyali. Da yawa daga cikinsu suna da yaro ko yarinya da ta kai aji uku na ƙaramar sakandare, ko kuwa tana gab da kaiwa. To, da su nake magana, gama a ƙarshen wannan aji ne ake yanke wata shawara mai nauyi, sau da yawa kuwa ana yanke ta uba bai sani ba, uwa ba ta ji ba.

Tun da aka soma tsarin nan na 6-3-3-4 a Nijeriya cikin 1982, aka raba sakandare gida biyu, shekara uku ƙarama, shekara uku babba. A ƙaramar, kowane yaro yana karanta abin da ɗan'uwansa ke karantawa. Da ya haye babbar, sai hanya ta rabu uku: ajin kimiyya, da ajin adabi, wanda yara ke kira "at", da ajin kasuwanci. Akwai kuma makarantun koyon sana'a masu tasu jarrabawa ta hukumar NABTEB. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar shi ake tambaya wace zai bi, shi kuwa sai ya duba inda abokinsa ya nufa.

Ni ban yi sakandare ba. Allo na yi, na sauke, sa'an nan na yi firamare, Allah ya ba ni aikin akawu a ofishin hakimi. Amma aikin nan ya nuna mini abin da ban koya a aji ba. Kowace shekara, in lokacin shiga manyan makarantu ya yi, samari da 'yan mata sukan cika mana ofis suna neman takardar shaidar asalinsu, kowa riƙe da sakamakon jarrabawarsa. Nakan karɓa in duba, in tambayi mai takarda abin da yake so ya karanta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ya ci darasi bakwai lafiya lau, amma darasi guda da fanninsa ke bukata ba ya cikinsu, bai ma taɓa zama ajinsa ba. Wanda ya faɗi yana iya sake zama baɗi. Wannan kuwa shekara uku ya yi yana tafiya da ƙarfinsa a kan hanyar da ba ta zuwa garin da ya nufa.

Saboda haka shawarata ita ce a fara lissafi daga ƙarshe, a komo farko. Ga yadda ƙarshen yake. A aji uku na babbar sakandare yaro zai zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999, ko duka biyu. Ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9, abin da ake kira kiredit kuwa daga C6 ne zuwa sama. Jami'a tana neman kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu, da Turanci a ciki, sauran kuma su dace da fannin da ake nema. Bayan wannan akwai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darasi huɗu ake yi a cikinta, maki 400 duka, Turanci tilas ne ga kowa, sauran ukun fannin ne ke zaɓa maka su, ba kai ba.

Mai son likitanci sai ya yi Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, watau ilmin ƙarfi da motsi da wutar lantarki, da ilmin haɗa sinadarai, da ilmin halittu masu rai. Mai son injiniya sai Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya lalle ya riƙe Adabin Turanci, in kuwa shari'ar Musulunci yake so, Larabci da Ilmin Addini za su yi masa rana. Mai son aikin akanta ko banki, Lissafi da Tattalin Arziki ne jarinsa. Yarinyar da ke son aikin jinya ko ungozoma, ita ma darussan likita ake nema gare ta, ko da ba jami'a za ta ba. Duk wannan a rubuce yake cikin littafin da JAMB ke fitarwa, yana kan intanet, kowane malamin sakandare kuma yana iya buɗe maka shi. Kada ka ji kunyar cewa a karanta maka sannu-sannu. Ai don irin wannan rana ka zauna ajin yaƙi da jahilci.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake tsara darussan makarantu, ta ce ɗan babbar sakandare ya ɗauki takwas ko tara, da sana'a guda a ciki, kamar ɗinki, ko kiwo, ko lambu, ko gyaran waya da kwamfuta, ko haɗa wutar hasken rana. A cikin shekarar ne kuma Ma'aikatar Ilmi ta sanar cewa kiredit na Lissafi ba sharaɗi ba ne ga mai neman fannin adabi a jami'a, amma fa sai ya zauna jarrabawar. Na ji yara suna murna da wannan. Ni dai ban bar na gidana su yi murna ba, gama wanda ya saki Lissafi yana ɗan sha biyar, ranar da ya sake ra'ayi zai tarar da ƙofofi da yawa a rufe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. An ɗauka a garuruwanmu cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, ajin adabi kuwa matattarar waɗanda aka rasa yadda za a yi da su. Uba yakan ji daɗi ya ce a majalisa, "Nawa yana sayans." Wannan magana ta cuci yara ba kaɗan ba. Alƙalin da ke yanke hukunci, da malamin da ke koyar da Larabci, da mai karanta labarai a rediyo, yawancinsu ta ɗaya ajin suka bi, ban kuwa ji an kira su dakikai ba.

Akwai ɗan wana da ke zaune a hannuna tun yana ƙarami. Da ya gama ƙaramar sakandare, mahaifinsa ya zo daga ƙauye ya ce likita yake so. Ban yi masa gardama ba, gama gaba yake da ni. Na ɗauko takardun sakamakon yaron na shekara uku, na zangon karatu tara, waɗanda na jera cikin fayil yadda nake jera na ofis, na shimfiɗa su a kan tabarma. Muka bi layin Lissafi daga farko har ƙarshe, sau biyu kaɗai ya haye rabi. Muka bi layin Hausa da Larabci da Turanci, bai taɓa sauka daga sama ba. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "To, in ya ƙara ƙoƙari fa?" Na ce, "Yaya, mu je mu tambayi wanda ya koyar da shi."

Muka sami malamin Lissafi bayan an tashi. Ya yi mamakin ganinmu, ya ce ba safai iyaye ke zuwa ba sai in an kori yaro. Na ce, "Malam, don Allah ka gaya mana gaskiya, rashin ƙoƙari ne, ko kuwa abin ne bai shige shi ba?" Ya ce yaron ba malalaci ba ne, yana iya samun kiredit in an tsaya masa, amma Fiziks lissafi ne tsantsa, zai sha wuya. Sa'an nan ya ƙara da wata magana da ba mu tambaye shi ba, ya ce makarantar ba ta da malamin Fiziks tun bara, shi ne ke riƙe da ajin. Muka komo gida, Yaya ya kira ɗansa ya tambaye shi abin da ransa ke so. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, shari'a." Yau yana aji biyu na ajin adabi.

Maganar malamin nan ta ƙarshe, ina so mai karatu ya riƙe ta. Ba yaro kaɗai ake aunawa ba, har makarantar. A jarrabawar WAEC da NECO akwai gwaji na hannu a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, inda za a ajiye wa yaro kwalabe da ma'auni a ce ya yi aiki da su. Wanda bai taɓa riƙe su ba sai ranar jarrabawa, yaya zai yi? Ka je da ƙafarka ka roƙi a nuna maka ɗakin gwaji. In ka ga ƙura ta rufe tebura, ka sami amsa. In yaronka lalle ɗan kimiyya ne, gara ka nema masa wata makaranta tun yana aji ɗaya, domin sauya aji a shekara ta biyu ko ta uku wahala ce babba.

Wani ɗan abu kuma, tun da akawu ne ni ba zan iya wuce shi ba. A daidaita sunan yaro da ranar haihuwarsa tun yanzu, su zama iri ɗaya a kowace takarda. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In an rubuta suna da wasu haruffa a nan, da wasu dabam a can, ko shekara ta saɓa, sai ka ga an yi wata da watanni ana zirga-zirga.

To, an zaɓi aji, saura karatu a gida. A nan iyaye irinmu sukan ce, "Mu da ba mu san abin da ke cikin littafin ba, me za mu yi?" Ni kuwa na ce mun fi kowa sanin yadda ake karatu, gama mun yi allo. A makarantar allo ba a ƙara wa yaro sabon karatu sai ya biya na jiya, ba a wanke allo sai abin ya zauna, ana kuma yin tilawa don kada na baya ya gudu. Lokacinta sananne ne, ba a ɗaga shi don baƙo. Wannan tsari na ɗauko na ɗora wa karatun boko a gidana, ban ƙara kome ba sai rajista.

Ga yadda muke yi. Bayan sallar asuba da karatun Alƙur'ani, akwai minti arba'in kafin a yi shirin makaranta. Wannan na darasi mai wuya ne, ga ɗan wana Lissafi ke nan kullum, da alƙalami a hannu, don Lissafi ba a karanta shi kamar labari. Da rana in sun dawo ba na takura musu, ga yunwa, ga Islamiyya da la'asar. Bayan isha'i sai awa ɗaya da rabi, darasi biyu, ba a wuce haka. Na ga yaran da ke kwana bisa littafi in jarrabawa ta matso, idanu jajur, da safe ka tambaye su ba abin da ya zauna. Ranar Asabar da hantsi ita ce ta tilawa: ba sabon abu, sai a koma kan na mako, a kuma amsa tambayoyin jarrabawar shekarun baya, waɗanda ake sayarwa a kasuwa a ɗaure.

Rajistar kuwa littafi ne na rubutu mai arha. Kowane dare yaro ya rubuta kwanan wata, da darasin da ya yi, da shafin da ya tsaya, da abin da ya gagare shi. Ni in sa hannu. Ban san Adabin Turanci ba, amma na san in shafi bai motsa ba kwana huɗu. Nakan kuma ce ya rufe littafi ya gaya mini da Hausa abin da ya karanta. In ya iya bayyana shi har ni na gane, ya sani. In ya soma jero mini Turanci yana kallon rufin ɗaki, hadda ce kawai ya yi, sai mu koma. Abin da ya gagara kuwa, shi zai kai wa malaminsa da safe, a rubuce.

Wuri ba sai ɗaki na musamman ba. Namu zaure ne, da ɗan tebur da benci da fitila mai cajin rana, don kada a ce an ɗauke wuta. Abin da ya fi wuri wuyar samu shi ne a ƙyale yaro. Sai da na roƙi mutanen gida cewa daga isha'i zuwa ƙarfe tara da rabi ba a aiken kowa sayen kalanzir ko magi, abin da za a saya a saya tun da rana. Waya kuma tana aljihuna a wannan lokaci. Ban hana su ita ɗungum ba, gama tun 2015 jarrabawar JAMB duka a kan kwamfuta ake yin ta, yaron da bai saba da latsa na'ura ba zai ɓata lokacinsa yana neman inda zai taɓa. Saboda haka a hutun aji biyu ya kamata a kai shi inda ake koyar da kwamfuta, ko na mako kaɗan ne.

Sai maganar 'ya mace, wadda ta fi duka wuya, don ita ba a gidan malam ake warware ta ba, a tsakar gida ne. 'Yata tana aji ɗaya na ajin kimiyya, ungozoma take so ta zama. Da muka soma rajista, sai na ga layinta na dare a wofi yake sau uku a mako, na ɗan'uwanta kuwa cike. Ba wasa take yi ba, wanke-wanke ne da tuƙin tuwo da goyon ƙanenta. Na zauna da mahaifiyarta muka yi lissafi. Ta ce, "Malam, in ba ta koyi aikin gida ba, wa za a zaga?" Gaskiyarta ce kuwa. Muka shirya a kan yarinyar ta yi girkin Asabar da Lahadi gaba ɗaya, a sauran kwanaki a gama wanke-wanke kafin magariba, ɗebo ruwa da sharar zaure kuma su koma kan samarin. Sun yi gunaguni mako biyu, suka saba.

Da azumi mukan juya tsarin. Karatun dare ba ya yiwuwa saboda asham da nauyin ciki, sai mu mai da shi bayan sahur, a haɗa da na asuba. Da damina kuma, in an tafi gona ranar Asabar, tilawa takan koma Lahadi da yamma. A aji uku, JAMB takan zo wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo a Mayu da Yuni, NECO ta bi bayanta, watau wata huɗu yaro yana fita wannan yana shiga waccan, ga zafin bazara. Kuɗin rajistarsu ma kusan tare suke faɗowa. Don haka tun ɗan wana yana aji ɗaya na shiga adashi a ofis saboda su, Yaya kuma ya ware tunkiya biyu a ƙauye, ya ce ba mai taɓa su sai lokacin ya yi.