Jirgin Baba Ya Sake Sabon Fenti



Watan jiya muna share ɗakin ajiyar makarantar Islamiyyarmu a Diobu, sai muka ci karo da wani jirgin ƙasa na wasa: kan jirgi da tarago huɗu, duk na gwangwanin madara. Wani dattijonmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya ƙera shi da hannunsa. Tsatsa ta cinye fentin. Wani yaro ya ɗaga tarago ɗaya ya ce, "Malam, wannan tirela ce?" Muka yi dariya, daga baya jikinmu ya yi sanyi. Yaron bai taɓa ganin abin da ya kawo kakansa garin nan ba.

Turawa sun shimfiɗa dogo daga Fatakwal zuwa Inugu tsakanin 1913 da 1916 don kwasar kwal. Daga baya layin ya miƙe Arewa ta Kafanchan, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Ta wannan hanya iyayenmu da yawa suka gangaro da shanu da albasa da wake, suka koma da manja. Anacha ba ta da dogo, mutanenmu na can kogin Kwara da mota suka kai su. Zaman ya yi albarka, har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Sai muka ce a gyara jirgin. Da farko gaggawa muka yi, muka shafa fenti a kan tsatsar kai tsaye. Kun san danshin Fatakwal: ba a yi sati biyu ba ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wani ɗan uwanmu mai fentin mota ya gani ya ce aikin banza muka yi, fenti ba ya kama ƙarfe sai da shimfiɗa.

Muka koma farko. Muka goge kowane tarago da samfefa har ƙarfen ya fito fes, muka wanke da omo don maiƙon hannu ya fita, muka shanya. Sannan muka fesa firaima, wato fentin ƙasa mai hana tsatsa, wanda na sama ke kamawa, muka bar shi ya kwana. Washegari muka ɗauko fentin akirilik, wanda da ruwa ake sirka shi, ba ya hawa kai kamar na mai, don haka yara suka sa hannu. Shafa uku muka yi marasa kauri, kowace sai ta bushe, domin mai kauri yakan toshe tagogi ya bar sawun buroshi. Muka yi kore, muka manna salatif muka ja layin ruwan ɗorawa irin na jiragen Najeriya.

Ana cikin aikin dattawa suka kewaye mu, kowa na faɗin tashar da ya tuna: Aba, Umuahiya, Otukpo, Lafiya. Yaran suka rubuta sunayen a kwali, suka jera a ƙasa, suna tura jirgin daga wannan zuwa waccan.

Jirgin yana makaranta yanzu. Duk mai tsohon tikiti ko hoton tasha a akwatin mahaifinsa, don Allah ya kawo mu ajiye kusa da shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.