Daga Paraku zuwa Jugu: Ƙasar Nono, da Nonon da Ya Dace da Mai Ciwon Daji

Paraku gari ne da ɗan kasuwarmu ba ya daɗewa yana baƙunta a cikinsa. Shi ne babban birnin arewacin Jamhuriyar Benin, kuma a nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya, bayan tafiyar fiye da kilomita 400. Daga nan manyan motoci ke ɗaukar hanyar Malanbil da Gaya. Ka shiga unguwar Zongo, Hausa za ka ji tana gogayya da Dendi da Bargu da Fulatanci. Babbar kasuwar garin ma sunanta Arzeke, ka ji kamar arzikinmu ake faɗa.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo a bakin kasuwa shi ne farantan wagashi, cukun Fulani, jere ja wur kamar an shafa musu lalle. Da tumfafiya ake ɗaure madarar a kan wuta, sannan a rina ta da karan dafi. Gefe ga mata da ƙoren nono an rufe da faifai, ga masu fura, ga masu dege, wato dambun gero da ake damawa da nono ko yogot a ƙulla a leda. Borgu ƙasar shanu ce, nono ba abin marmari ba ne a nan.

Saboda haka idan aka tashi dubiya a babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori da ke garin, ko a gida, da wuya ka ga an je hannu rabbana. Nono ne kan gaba. To, a nan maganar tamu take, don a cikin iyalanmu na ci-rani ba a rasa mai fama da ciwon daji: uwa da sankarar mama, ko ta bakin mahaifa, dattijo da ta hanji. Wasu har Kwatano ake kai su, asibitin ƙasa mai sunan Hubert Maga, haifaffen Paraku wanda ya zama shugaban ƙasar na farko a 1960. Su karɓi magani, su dawo gida jinya.

Duk wanda ya yi jinyar mai karɓar kemo ya san cikin ne ke fara shan wuya. Maganin yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kuma fatar cikin hanji na daga cikinsu. Sai gudawa, kumburin ciki, tashin zuciya, gyambon baki. Haka ma gashin da ake yi da na'ura a ƙasan mara. Wani ma madarar da ya saba sha sai ta koma tana murɗa masa ciki, domin hanjin ya daina narkar da sukarin da ke cikinta na ɗan lokaci.

Nan ne yogot ke da rana. Ƙwayoyin bakteriya iri biyu ne ke mai da madara yogot, kuma suna cinye wani ɓangare na wannan sukarin, shi ya sa ya fi madara sauƙi a ciki. Ga shi da laushi da sanyi, mai gyambon baki na iya haɗiya. Akwai kuma wanda ake ƙara wa zaɓaɓɓun ƙwayoyi masu rai, ana kiransu furobayotik. Tun a 1907 wani masani a cibiyar Pasteur ta Faransa, Élie Metchnikoff, ya yi rubutu kan amfanin nono mai tsami ga hanji, kuma a 2001 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci suka ba kalmar ma'ana: ƙwayoyi masu rai da ke amfanar jiki idan an sha isasshe. Masu kula da jinyar daji sun ga cewa wasu daga dangin Lactobacillus na iya rage gudawar da gashin mara ke jawowa. Amma a ji da kyau, 'yan uwa: sauƙi yake kawowa, ba waraka ba. Yogot abinci ne. Wanda duk ya ce maka nono ko wani haɗi zai kashe daji har a bar asibiti, kuɗinka yake so.

Daga Paraku zuwa Jugu wajen kilomita 135 ne, yamma maso arewa. Hanya ce ta kunyoyin doya, gonakin kashu da itatuwan kaɗanya. A Beteru ake ƙetare kogin Weme. Can nesa da kwalta kana hango rugage, da sassafe kuma ka ga 'yan mata sun jero da ƙwarya a ka, sun nufi bakin titi.

Jugu tsohon zango ne. Kakanninmu fataken Gwanja, masu tashi daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jan fata, ta Nikki suke biyowa su sauka nan kafin su miƙe Salaga sayen goro. Sarauta na Kilir, 'yan kasuwa na Wangara, kuma har gobe garin malamai ne da masallatai. A kasuwar Jugu za ka sha nonon da sai ka lashe ludayi. Mai lafiya ya sha abinsa, Allah ya amfana.

Majinyacin daji kuwa lissafinsa daban. Kwana 7 zuwa 14 bayan kowace kemo, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, sukan yi ƙasa ƙwarai. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da ba za ta sa ɗan kasuwa ko atishawa ba tana iya kwantar da shi magashiyan. Ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu, da zazzaɓin bakkale, da taifot idan hannu ko ruwan ba su da tsabta. Tsami ba ya kashe su duka. Ga tsala da akan sirka da ruwa da garin kwalba don ta yi kauri, ga ledar dege da ta wuni a rana, ga firjin da wuta ta ɗauke masa tun dare. Ba laifin mai talla ba ne, haka ta gada, kuma jama'a na sha lafiya. Jikin ne ya canza.

To me za a kai? Tambayar farko ga mai nono ita ce: “Inna, an dafa madarar kafin a kwantar?” Kindirmo na ainihi dafa shi ake yi, amma abin da ido bai gani ba kada a gwada shi a kan mara lafiya. Mafi kwanciyar hankali shi ne yogot na kamfani, a rufe, da sanyinsa, kwanan watansa bai wuce ba, mara sukari da yawa. Ko uwargida ta yi da kanta: ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har ɗumin da tsaftataccen yatsa zai iya jurewa, ta zuba cokali biyu na sabon yogot ɗin kamfani a kowace lita a matsayin iri, ta rufe a wuri mai ɗumi awa 6 zuwa 8, sannan sai firji. Mazubi da cokali a ɗauraye su da tafasasshen ruwa. A yi kaɗan kaɗan, a shanye cikin kwana biyu. Wagashi kuwa ba nono mai tsami ba ne, babu waɗancan ƙwayoyi a cikinsa, amma yana gina jiki idan an sake dafa shi ko an soya, aka ci da zafi.

Kafin duk wannan, a tambayi likitan da ke ba da kemo. Idan jini ya yi ƙasa sosai, yana iya hana duk wani abu mai ƙwayoyi masu rai, musamman furobayotik na kafso da ake sayarwa a kemis. Wasu magunguna irin su sifurofuloksasin ba sa shiri da nono, sai an ba da tazara. Gudawa ta tsananta, ruwan gishiri da sukari ne kan gaba: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zafin jiki ya kai 38, ko aka ga jini a bayan gida, ba a jiran gari ya waye, sai asibiti.

Mu da ke kan hanya kullum, daga Lome zuwa Maraɗi, daga Kwatano zuwa Sakkwato, sau da yawa kuɗi kawai muke turowa mu ce a saya wa Hajiya nono. Nan gaba idan ka buga waya, Alhaji, ƙara da tambayar wane iri, wa ya dafa, kuma likita ya sani? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.